Yadda Murya Ke Ƙetarewa Daga Tsohon Layin Tarho Zuwa Intanet

Mutum ya kan ɗauki tarho ya kira ɗan'uwansa a wata ƙasa mai nisa, ya ji muryarsa sarai, bai san ta bi hanyoyi biyu masu tsari dabam ba. Tsohon layin tarho ya kan auna murya sau 8,000 cikin daƙiƙa ɗaya, ya keɓe mata hanya ita kaɗai har a gama magana. Intanet kuwa ba ta keɓe wa kowa hanya. Yanyanka muryar ta ke yi ƙunshi ƙunshi, ta tura su tare da saƙonnin sauran jama'a.

Na'urar da ke tsakanin hanyoyin nan biyu ita mu ke kira mashiga, aikinta tafinta ne kurum. To, amma wa zai gaya mata lokacin da za ta buɗe layi, ko ta sa tarho ya yi ƙara, ko ta katse? Masana suka ga ya fi sauƙi a raba aikin biyu: mashiga ta ɗauki murya, wata kwamfuta dabam, watau mai umarni, ta riƙa yanke shawara. Ta haka mai umarni ɗaya zai iya juya mashigai masu yawa a garuruwa dabam dabam.

Rabon aiki ba ya tafiya sai da harshen da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. A 1998 injiniyoyin Bellcore da Cisco a Amurka suka fito da tsarin SGCP, kamfanin Level 3 kuma ya fito da IPDC. Aka haɗa biyun aka sami MGCP, wanda aka buga a 1999. A shekarar 2000 ƙungiyar IETF da hukumar ITU ta Janeba suka amince da wani tsarin tare, ana ce da shi Megaco, ko H.248.

Ga yadda MGCP ke aiki. Mai umarni zai ce wa mashiga, in an ɗaga kan tarho ki sanar da ni. Da an ɗaga sai ta sanar, ta tattara lambar da aka buga ta miƙa. Sa'an nan ya umarce ta ta ƙulla hanya, in an gama ya ce ta warware.

Abin da zai ƙayatar da akawu shi ne, kowane umarni yana da lambarsa, kamar lambar wasiƙa a rajista. Mashiga ta kan amsa da lambar nan, ta haɗa da wata: 200 ke nan an aikata, abin da ya fara da 4 matsala ce mai wucewa, abin da ya fara da 5 kuwa maimaitawa ba za ta gyara ba. In amsa ba ta zo ba, sai a sake aiko umarnin da lambarsa ta dā. Mashiga ta duba, in ta riga ta aikata, sai ta maimaita amsa kawai, kada a yi aiki ɗaya sau biyu.

Haɗarin tsarin a fili ya ke. Ran da mai umarni ya lalace, sabon kira ba zai ƙullu ba, ko da na neman likita ne da tsakar dare. Don haka a kan ajiye na biyu a shirye, mashigai su koma gare shi nan take.