Mayar da Taimakon Matalauta Hannun Jihohi da Gundumomi a Amurka: Ra'ayin Shugabannin Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Makasudin wannan lacca shi ne bayyana wata muhawara da ta daɗe tana gudana a Amurka, watau wa ya fi cancanta ya riƙe ragamar taimakon matalauta: gwamnatin tarayya, ko jihohi hamsin, ko kuwa gundumomi, waɗanda yawansu ya haura 3,000. Za a fi mai da hankali ga ra'ayin shugabannin gundumomi da magadan gari, domin ƙofarsu mabukaci yake fara ƙwanƙwasawa.

Asalin magana

A shekarar 1935, zamanin Shugaba Roosevelt, aka kafa dokar da ta sa tarayya ta shiga tallafa wa yara na iyalai marasa galihu. A 1965 kuma aka ƙaro Medicaid, watau shirin biyan kuɗin maganin matalauta. Kowane kuɗi ya fito daga Washintan, to, tare da sharuɗɗansa yake zuwa.

Shugaba Nixon ne ya fara sassauta wannan riƙo a 1972, da dokar raba wani kaso na kuɗin tarayya ga jihohi da ƙananan hukumomi ba tare da sharuɗɗa masu yawa ba. Wannan shiri ya ƙare a 1986. A 1981 gwamnatin Reagan ta haɗe ƙananan shirye-shirye 77 suka zama dunƙulen tallafi guda 9, amma ta rage kuɗin. A 1982 Reagan ya nemi a yi musaya: tarayya ta ɗauki Medicaid, jihohi su ɗauki tallafin iyalai da takardun sayen abinci. Ba a daidaita ba, maganar ta mutu. Sai a 1996 Shugaba Clinton ya sa hannu a dokar da ta miƙa wa jihohi dunƙulen kuɗi, kimanin dala biliyan 16.5 a shekara, ta kuma ƙayyade cewa iyali ba zai wuce shekara biyar yana karɓar kuɗin tarayya ba.

Abin da suka yi na'am da shi

Da yawa daga shugabannin gundumomi sun yi maraba da manufar. Hujjarsu ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bukatar matalaucin ƙauye, wanda rashin mota ke hana shi zuwa aiki, dabam take da ta mazaunin birni da kuɗin haya ya dame shi. Daɗin daɗawa, a jihohi irin su Kalifoniya da Niyok da Ohayo, ma'aikatan gunduma ne tun asali ke gudanar da aikin.

Abin da suke tsoro

Na farko, a miƙo aiki a riƙe kuɗi. Kukan da suka yi ta yi kan haka na cikin dalilan da suka sa majalisa ta kafa dokar 1995 mai taƙaita ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi wajibai ba tare da kuɗinsu ba.

Na biyu, dunƙulen kuɗi ba ya ƙaruwa idan tattalin arziki ya karye, alhali a lokacin ne mabukata ke yawaita, haraji kuma ke raguwa. Tarayya tana iya cin bashi ta cike giɓi, amma kusan dukkan jihohi doka ta wajabta musu daidaita kasafinsu. Adadin 1996 ya yi shekara fiye da ashirin bai motsa ba, hauhawar farashi kuwa ta cinye fiye da sulusin darajarsa.

Na uku, ikon yana iya maƙalewa a hedkwatar jiha, gunduma ta tarar ta canja ubangida ne kawai. Na huɗu, gundumomi sun fi dogara ga harajin gidaje da filaye, saboda haka wadda ta fi yawan matalauta ita ce mafi ƙarancin abin taimaka musu.

Kammalawa

A taƙaice, shugabannin nan suna son ikon, amma da sharaɗi biyu: kuɗi ya biyo aiki, kuma a zauna da su lokacin da ake tsara doka. Tun da Nijeriya ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979, ya kamata ma'aikacin da aka miƙa wa sabon nauyi ya tambayi inda kuɗinsa zai fito, da kuma wanda zai cike giɓi a shekarar da haraji ya gaza.