DNS Mai Sauyawa

DNS mai sauyawa, wanda aka fi sani da DDNS, hanya ce ta sabunta bayanan tsarin sunayen intanet kai tsaye a duk lokacin da adireshin IP na wata na'ura ya canza. Amfaninsa shi ne suna guda ya ci gaba da nuna na'ura guda, ko da kamfanin da ke ba da intanet ya sauya lambar da ya ba gidan. Waɗanda suka fi amfani da shi su ne masu ajiye saba a gida, wato kwamfutar da ke yi wa wasu na'urori hidima, wadda wasu ke kira uwar garke. Da shi ne mutum zai iya buɗe fayilolinsa ko ya leƙa kyamarar tsaron gidansa alhali yana wani gari.

Asali

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi na lambobi, misali 203.0.113.25. Tun da lambobi suna da wuyar haddacewa, aka ƙirƙiro sunaye. A zamanin ARPANET ana rubuta sunayen dukan kwamfutoci ne a cikin fayil guda mai suna HOSTS.TXT, wanda cibiyar bincike ta SRI da ke California a Amurka take kula da shi. Da kwamfutoci suka yi yawa fayil ɗin ya gaza, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a shekarar 1983. Aikin DNS shi ne ya karɓi suna ya mayar da lambar da ke bayansa.

An gina DNS bisa zaton cewa adireshi ba ya yawan canzawa. Amma tsarin IPv4 yana da adireshi kusan biliyan 4.3 ne kawai, kuma masu shiga intanet sai ƙaruwa suke yi. Saboda haka kamfanoni suka koma ba abokan cinikinsu aron adireshi na wani ɗan lokaci, galibi ta hanyar tsare-tsare irin su DHCP, wanda aka fara wallafawa a 1993. Idan wa'adin aron ya ƙare, ko wuta ta ɗauke aka sake kunna rauta, gidan yana iya samun wata lamba daban. A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba kason ƙarshe na adireshin IPv4 ga hukumomin yankuna guda 5, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka, wadda hedikwatarta ke Mauritius.

Sunan DDNS yana nufin abubuwa biyu. Na farko shi ne ƙa'idar da aka wallafa a takardar RFC 2136 a watan Afrilun 1997, wadda ta ba da damar gyara bayanan DNS ba tare da an buɗe fayil da hannu ba. An fi amfani da ita a cikin hanyoyin sadarwa na ma'aikatu da jami'o'i. Na biyu shi ne hidimar da kamfanoni ke bayarwa ta yanar gizo ga masu intanet na gida, kuma ita ce yawancin mutane suke nufi.

Yadda yake aiki

Mai amfani yana buɗe asusu a wurin mai ba da hidimar, ya zaɓi suna a ƙarƙashin sunan yankin kamfanin, ko ya kawo nasa. Daga nan sai ya saita wata ƙaramar manhaja a cikin rauta ko a kan sabar. Manhajar tana duba adireshin gidan lokaci-lokaci. Da zarar ta ga ya canza, sai ta aika saƙo ɗauke da sunan, da sabon adireshin, da kalmar sirri ko mabuɗin shaida. Kamfanin ya gyara bayanin, duk wanda ya nemi sunan bayan haka sai a nuna masa sabuwar lambar.

Bayanin da ke haɗa suna da adireshin IPv4 ana kiransa A, na IPv6 kuwa AAAA. Kowane bayani yana ɗauke da wa'adi mai suna TTL, wato yawan daƙiƙun da sauran sabobi za su riƙe amsar kafin su sake tambaya. Masu hidimar DDNS sukan sa wa'adin ya zama gajere, sau da yawa daƙiƙa 60, domin kada tsohuwar lamba ta daɗe tana yawo.

Salon aika saƙon da kamfanin Dyn ya ƙirƙiro, wanda ake kira dyndns2, shi ne ya fi yaɗuwa, har wasu kamfanoni suka kwaikwaye shi. Manhajojin kyauta irin su ddclient da inadyn suna aiki da shi.

Sharaɗin da ke gaba da komai

DDNS matsala guda yake warwarewa, ita ce canzawar adireshi. Ba ya samar da adireshi ga wanda ba shi da nasa. Kamfanoni da yawa, musamman na wayar salula, suna tara abokan ciniki masu yawa a bayan adireshi guda na fili ta hanyar tsarin da ake kira CGNAT. A wannan hali sunan zai nuna na'urar kamfanin ne, ba rautar gidan ba, kuma saƙon da ya taso daga waje ba shi da hanyar isa ciki.

Ana gane hakan ta kwatanta lambobi biyu: wadda rauta ta nuna a matsayin adireshinta na waje, da wadda shafukan duba adireshi suke nunawa. Idan sun bambanta, akwai wani shinge a tsakani. Haka nan idan lambar rautar ta faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, wato kason da takardar RFC 6598 ta ware wa CGNAT a 2012, ko kuma ta fara da 10 ko 192.168.

Wannan batu yana da muhimmanci a ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda akasarin jama'a ke shiga intanet ta layin wayar salula. Hatta Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, yana sa masu tsarin gida a bayan CGNAT a ɓangaren IPv4. Mai irin wannan layi zai iya saita DDNS daidai, sunan ya riƙa sabuntuwa, amma sabar ta ƙi buɗuwa daga waje.

Fitattun masu ba da hidimar

Dyn, wanda a da ake kira DynDNS, ya faro ne a ƙarshen shekarun 1990 a hannun ɗaliban kwalejin fasaha ta Worcester a Amurka. Ya yi suna har rautoci da yawa suka fito daga masana'anta da sunansa a cikin saitinsu. A watan Mayun 2014 ya daina ba da hidimar kyauta, abin da ya tilasta wa masu amfani su biya ko su nemi wani wuri. A ƙarshen 2016 aka sanar cewa Oracle zai saye shi.

No-IP, mai mazauni a birnin Reno na jihar Nevada, ya fara aiki a 1999. Yana ba da suna kyauta bisa sharaɗin a tabbatar da shi duk bayan kwana 30. A ranar 30 ga Yunin 2014 kamfanin Microsoft ya yi amfani da umarnin kotu ya karɓe sunayen yanki sama da 20 na No-IP, bisa hujjar cewa masu yaɗa miyagun manhajoji suna fakewa da su. Ɗimbin mutanen da ba su ji ba su gani ba suka kasa isa ga na'urorinsu, kafin a mayar da sunayen bayan 'yan kwanaki.

Duck DNS hidima ce ta kyauta mai ba da suna a ƙarƙashin duckdns.org, kuma tana amfani da mabuɗin shaida maimakon kalmar sirri. deSEC ƙungiya ce ta Jamus da ba ta neman riba, tana sa wa bayananta hatimin tsaro na DNSSEC. Akwai kuma Dynu da FreeDNS. Wasu masu ƙera na'urori, kamar ASUS, TP-Link, MikroTik da Synology, suna haɗa tasu hidimar a cikin kayansu. Wanda ya mallaki sunan yanki na kansa yana iya ajiye shi a Cloudflare, ya sa manhaja ta riƙa sabunta shi.

Abubuwan dubawa wajen zaɓi

Mallakar suna. Abin da ya faru da masu amfani da Dyn da No-IP a 2014 ya nuna cewa sunan kyauta aro ne. Idan kamfani ya canza tsari ko ya shiga rigima, sunan yana tafiya tare da shi. Mai sunan yanki na kansa yana biyan kuɗi duk shekara, amma yana iya ƙaura zuwa wani kamfani da sunansa a hannu. A Najeriya ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng.

Dacewa da rauta. Rautoci da yawa suna da jerin kamfanoni ƙalilan da suka sani. Idan wanda ake so ba ya cikin jerin, sai an sa manhajar a kan sabar, kuma idan sabar ta mutu sabuntawa ta tsaya.

Sharuɗɗan kyauta. Sunan da ke buƙatar tabbatarwa duk wata yana iya ɓacewa idan saƙon tunatarwa ya shige wa mai shi. Ana kuma duba yawan sunayen da aka yarda asusu guda ya riƙe.

IPv6. A wannan tsarin kowace na'ura a gida tana da nata adireshin, don haka lambar sabar ce ya kamata a aika, ba ta rauta ba. Ana bukatar hidimar da ke karɓar bayanin AAAA.

Takardar shaidar tsaro. Mai son sabarsa ta yi aiki da HTTPS yakan nemi takardar kyauta daga Let's Encrypt. Ɗaya daga hanyoyin tabbatar da mallaka ita ce rubuta bayanin TXT a cikin DNS, kuma ba kowace hidimar kyauta ce ke ba da damar hakan ba.

Kare asusu. Mabuɗin da ba ya iya komai sai sabunta suna guda ya fi aminci a kan ajiye kalmar sirrin dukan asusu a cikin rauta. Ya kamata saƙon sabuntawa ya bi ta HTTPS, domin wanda ya sace mabuɗin zai iya karkatar da sunan zuwa tasa kwamfutar.

Tsaro

Suna kaɗai ba ya buɗe gida. Sai an umarci rauta ta tura saƙonnin wata ƙofa zuwa sabar, misali ƙofa ta 443 ta HTTPS ko ta 22 ta SSH. Duk ƙofar da aka buɗe wa mai gida an buɗe ta ga kowa, kuma akwai manhajojin da ba su da aiki sai laluben irin waɗannan ƙofofi dare da rana. Muguwar manhajar nan Mirai ta mamaye kyamarori da rautocin da masu su ba su canza kalmar sirrin masana'anta ba. Da irin waɗannan na'urori aka kai wa Dyn hari ranar 21 ga Oktoban 2016, har shafuka irin su Twitter, Netflix da Reddit suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa a Amurka da Turai.

Saboda haka masana tsaro sukan ba da shawarar a buɗe ƙofa guda kawai ta VPN, kamar WireGuard ko OpenVPN, sauran hidimomin gida su zauna a bayanta.

Madadinsa

Wanda ke bayan CGNAT yana da wasu hanyoyi. Zai iya sayen adireshi na dindindin idan kamfaninsa yana sayarwa, ko ya yi amfani da IPv6 idan layin gida da na inda yake duka suna da shi. Hidimomi irin su Tailscale da ZeroTier suna haɗa na'urorin mutum a hanyar sadarwa ta sirri ba tare da buɗe ƙofa ba. Cloudflare Tunnel kuwa yana sa sabar ce ta fara kiran waje, baƙi su biyo ta wannan layin. Wasu kuma sukan yi hayar ƙaramar saba mai adireshin fili a wata cibiyar bayanai, su haɗa ta da ta gida ta VPN. A duk waɗannan hanyoyi dogaro ga wani kamfani yana nan, sai dai ya tashi daga mai riƙe suna ya koma ga mai riƙe hanya.