Abin da Samarin Tofa Ke Faɗa wa Juna Bayan Isha'i

Daga Tofa zuwa Dawanau ba wata tafiya ba ce. Da kaka ta yi, motoci ba sa yankewa, ɗauke da gero da dawa da wake zuwa kasuwar hatsi. A yankin nan dai asibitin masu taɓin hankali yake. Magidanci zai je kasuwar kowane mako da farin cikinsa, amma ya kai ɗansa asibitin, sai abin ya kai ga ɗauri. Yara ma da sunan wurin suke tsokanar juna: "Kai kam sai Dawanau."

Shi ya sa yaron da damuwa ta kama yake haɗiye abinsa a gida. Ƙauyukan nan, irin su Lambu da Doka da Yanoko, a haɗe suke, gona na jingine da gona, kowa ɗan'uwan kowa ne ko surukinsa. Maganar da ta fita daga zaure da safe, kafin la'asar ta kai ƙauye na uku. Iyaye na tsoron a ce gidansu akwai hauka, 'ya'yansu mata su rasa manema.

Amma a je teburin mai shayi bayan isha'i, inda samari ke jere a benci, wayoyinsu na caji a shagon gefe. Bayan an gama musun ƙwallo an watse, sai ka ga biyu sun rage. A nan ne wanda jarrabawa ta kayar sau biyu yake gaya wa abokinsa cewa barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya yi masa daɗi, in ya je noma sai ya tsaya riƙe da fartanya yana kallon ƙasa. A gida an ce lalaci ne, ko kuma ya fara shaye-shaye. 'Yan mata kuwa a hanyar dawowa daga Islamiyya suke nasu, ko wajen kitso. Wadda aka fasa aurenta, da wadda aka cire daga makaranta aka ɗora wa talla, ƙawa ce ta san kukan da suke yi cikin dare. Idan yarinya ta faɗi a aji tana ihu, kowa ya ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Ba wanda zai tambaye ta me ke faruwa a gida.

Wannan fahimta ta daɗe. A 2004 likitocin Kano sun wallafa binciken da suka yi a ƙauyen Karfi, inda suka tambayi manya 250 abin da ke kawo taɓin hankali. Shaye-shaye ne ya zo a gaba, sai ƙaddara, sai sihiri da aljanu. Shaye-shayen gaskiya ne, ba a manta yadda kodin ya yi ɓarna a Kano ba har gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018. Sai dai sau da yawa damuwar ce ke riga ƙwayar zuwa, yaron yana neman abin da zai sa shi barci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. A lissafa haka da ajin sakandare guda.

Ni ban ga laifin addu'a da rubutun sha ba, mu Musulmi ne, kuma ba su taɓa hana mai zazzaɓi zuwa asibitin sha-ka-tafi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne sarƙa da bulala. A 2019 an fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, wasu da tabon ƙarfe a ƙafa, da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don neman gyara. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Dokar ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi, amma har yanzu ba ta zama hirar zaure ba.

Yaran sun riga mu fara magana, sai dai nauyin ya fi ƙarfin ɗan shekara sha shida. Yana buƙatar babba guda da zai kai wa, malamin aji ko na Islamiyya, ko gwaggo mai riƙe sirri, ko ma'aikaciyar asibiti, wanda zai saurara har ƙarshe kafin ya ce "yi haƙuri". Idan aboki ya fara cewa gara ya mutu ya huta, wannan ba sirrin da ake riƙewa ba ne, a gaya wa babba a daren. Gidajenmu na manoma ne, kusan kowanne akwai maganin feshi da fiya-fiya a lungun ɗaki ko bakin rumbu. A kwashe su a kulle, kada a bar yaron shi kaɗai, da safe a kama hanyar Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.