Littafin Lissafi, Rumbu Na Biyu Na Manomi

Kafin a gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, manomin Talata Mafara da Bakura da Maradun bai cika bukatar kuɗi domin noma ba. Iri yana rumbu, taki yana turke, ruwa kuwa gulbi ke kawo shi fadama. Noman rani na yanzu fa sai da kuɗi tun daga huɗa har girbi: kuɗin ruwa, hayar tarakta, takin zamani, maganin feshi, man inji, da 'yan ƙodago.

Kuɗin nan suna fita da kaɗan-kaɗan cikin wata huɗu, sa'an nan su shigo gaba ɗaya ran Talata a kasuwar Mafara. Nan ne ido ke ruɗin mutum. Ya ga aljihu cike, ya ce riba ce.

A wani taron ƙungiya mun zauna da wani ɗan'uwa wanda ke murnar shinkafarsa. Muka bi abin da ya kashe ɗaya-ɗaya, muka haɗa da bashin da ya ci a kan zai biya da buhu ranar girbi. Da muka gama, ya yi shiru. Fiye da rabin amfanin ba nasa ba ne, ga shi ya riga ya yi alkawarin keke.

Maganin ba shi da tsada. A sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Shafin hagu na abin da ya shigo, na dama na abin da ya fita, kowane da kwanan wata. A rubuta a ranar, kada a bari sai gobe. Kowace gona da shafinta, domin a san ko albasa ce ke ciyar da shinkafa. Buhun da aka ci a gida, da baiko, da gudummawar biki, duka a sa. Bashi kuwa a rubuta shi da yawan buhu, gama darajar Naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Wanda bai iya rubutu ba, ɗansa na firamare ya rubuta masa, uwargida tana zaune.

A Luka 14 Ubangijinmu ya yi misali da mai gini wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna. 'Yan'uwa, kowa ya zo taron wata mai zuwa da littafinsa, mu duba tare kafin a sake karɓar bashin taki.