Kiwon Kada da Sinadarin Girma

A ƙasashe irin su Zimbabuwe da Afirka ta Kudu da Kenya da Ostareliya, akwai gonakin da ake kiwon kada a cikinsu, kamar yadda ake kiwon kifi. Abin da aka fi nema a jikin kada shi ne fatar cikinsa, wadda ake yin jakunkuna da takalma masu tsada da ita. Ana kuma sayar da namansa.

Babbar matsalar masu wannan kiwo ita ce tsumburewa. Bayan ƙyanƙyasa, wasu 'ya'yan kada sukan ƙi cin abinci, su rame, sa'o'insu su fi su girma. Da yawa daga cikinsu sukan mutu, mai gona ya yi asara. Wannan ne ya sa masana suka shiga neman hanyar da za su sa ƙananan kadoji su riƙa cin abinci sosai.

Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce amfani da sinadarin girma. Wani ɗan ƙaramin sashe da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ne yake samar da wannan sinadari a jikin mutum da dabba. Jini yakan kai shi sassan jiki, inda yake taimaka wa ƙashi da tsoka su girma. A Kenya, masana sun yi wa wasu ƙananan kadoji allurar sinadarin girma irin na shanu. Waɗanda aka yi wa allurar sun ƙara cin abinci, sun kuma fi sauran saurin girma.

Duk da haka, allura kaɗai ba ta wadatar ba. Jikin kada ba ya samar wa kansa isasshen ɗumi, ya dogara ne da zafin rana da na ruwa. Idan sanyi ya yi yawa, abinci ba ya narkewa a cikinsa da wuri, sai ya daina ci. Saboda haka ake ajiye ƙananan kadoji a wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 30 da 32. Haka kuma cunkoso da hayaniya da yawan kamawa suna firgita su har su ƙi abinci, ga shi kuwa ba a yin allura sai an kama.

Don haka, mai kiwo mai lura yakan fara tanadar ɗumi da ruwa mai tsabta da abinci mai gina jiki. Sai waɗannan sun samu sannan zai duba ko akwai bukatar allura.