"Positive" A Takardar Gwaji: Me Aka Nema, Me Aka Samu?

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano a 2024, takardar asibiti ta shiga jerin abin da waliyyai ke dubawa kafin a ɗaura aure. Da Turanci take zuwa, kuma kalma ɗaya a cikinta na tayar da hankalin gidaje fiye da kima: positive.

A bakin Bature kalmar tana da fuskoki da dama. Mai kyautata zato positive ne, haka wanda ya haƙiƙance a kan maganarsa. A lissafi ita ce lambar da ta haura sifiri, a jikin batir kuma kan da ke da alamar tarawa. A ɗakin gwaji kuwa ba ruwanta da alheri ko sharri. Ma'anarta ita ce an sami abin da aka nema. Kishiyarta, negative, na nufin an duba ba a gani ba. Kamar ka aiki yaro ne ya leƙa zaure, ya dawo ya ce maka akwai mutum. Ko ka shimfiɗa tabarma ko ka ɗauko gora, ya danganta da wanda ka ce ya dubo, baƙon da kake jira ko ɓarawo.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun rukunin jini. Sai ka ga yarinya ta karɓo takarda an rubuta O positive, wata gwaggo ta hango kalmar, kafin magariba an fara raɗe-raɗin wai amarya "tana da shi". Alhali wani sinadari ne kawai a jikin jajayen ƙwayoyin jini, ana ce masa Rh, wanda Karl Landsteiner da Alexander Wiener suka bayyana a 1940. Sama da kashi 90 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna da shi, da shi aka haife su. A nan ma wadda takardarta ta ce negative ita ce abar lura. In ta ɗauki cikin jariri mai Rh, jikinta kan iya ƙera garkuwar da za ta yaƙi jinin ɗan da zai biyo baya, a haife shi da shawara ko ƙarancin jini, ko cikin ya zube. Allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari tana hana wannan. Ba wuya mace ta yi ta rasa 'ya'ya ana ɗora wa iska ko kishiya, saboda an ga negative an ce ai lafiya lau.

Gwajin ciwon hanta nau'in B ya fi rikitarwa. In layin HBsAg ya ce positive, ƙwayar cutar na cikin jini, a nemi likita. In layin anti-HBs ne, albishir ne, jiki yana da kariya, ko daga rigakafi ko daga warkewa. Na ƙanjamau kuma, sakamakon farko sai an tabbatar da shi da gwaji na biyu, kuma wanda bai jima da kamuwa ba yana iya fita negative har zuwa wata uku.

Dokar ta yi daidai, ina goyon bayanta. Sai dai tilasta gwaji ba tare da bayani ba rabin aiki ne. Bai kamata ma'aikaci ya miƙo takarda ta taga ya kira na gaba ba, alhali auren mutane da mutuncinsu na rataye a jikinta. Ma'aikatar lafiya tana iya sa a buga fassarar Hausa a gefen kowane layi, "an samu" ko "ba a samu ba", tare da sunan abin da aka gwada, ta kuma wajabta wa kowane ɗakin gwaji ya zaunar da ango da amarya a keɓe, a yi musu bayani kafin takardar ta isa hannun dangi.