Yashi da Laka: Mazaunin Man Fetur a Bakin Kwara

Kalmar nan "rijiyar mai" ta kan sa mutum ya zaci akwai wani tafki na mai a ƙarƙashin ƙasa. Alhali kuwa babu. Wanda ya taɓa tonon ruwa a busasshen gulbi da rani ya san ruwa ya kan zauna tsakanin ƙwayoyin yashi; to, haka mai ya ke zaune.

Mu duba bakin Kwara, inda aka sami mai a Oloibiri cikin 1956. Fiye da shekara miliyan 30 ke nan Kwara da Binuwai su ke kwasar yashi da laka su na jibgewa a teku. Amma gaɓar teku ba ta tsaya wuri guda ba. Sa'ad da ƙanƙarar ƙuryoyin duniya ta taru, teku ta kan janye. Shekara 20,000 da suka wuce ma ta yi ƙasa da yadda ta ke yau da misalin mita 120. A irin wannan lokaci kogi ya kan tura yashi can gaba. In ƙanƙara ta narke, ko kuwa ƙasa ta lotsa don nauyin abin da aka jibge mata, sai teku ta komo, laka mai laushi ta kwanta bisa yashin nan. Sa'an nan a sāke, a kuma sākewa.

Abin da ya fito shi ne hawa-hawa: yashi, laka, yashi, laka, kaurinsu ya wuce mita 3,000. Short da Stäuble suka kira su Agbada cikin 1967, baƙar lakar da ke ƙasansu kuwa Akata. A cikin laka irin wannan ne gawarwakin tsirrai da ƙananan halittu suka dahu da zafi har suka zama mai. Da ya ke ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya yi ta hawa har ya shiga yashi. Nan lakar sama ta tsare shi, musamman inda ƙasa ta tsage ta yi doro.

A ganina laka, wadda ba a faye ambatonta ba, ita ce mai babban aiki. Yashin da ke can sama, watau Benin, ya fi yalwa, amma laka ta yi masa ƙaranci, don haka kusan duk ruwa ne a cikinsa. A Agbada kuwa kowane zagaye ya ba da ma'aji da murfinsa, har rijiya guda ta kan ratsa ma'ajin mai da dama, wani bisa wani.